Ma'ajiyar Kwamfuta da Saurin da Aka Rubuta a Jikinta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sayen ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, wadda masu sana'ar suka fi sani da suna ram, zai ga an rubuta wata lamba ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta, kamar 3200 ko 3600 ko 6000. Wannan lamba ita ce saurin da kamfanin da ya haɗa ta ya yi alkawari, kuma a kanta ake yanka farashi. Sai dai sau da yawa, idan aka ɗora ta a kan na'ura aka duba, akan tarar tana aiki a kan 2133 ko 4800 kawai. Wanda ya biya kuɗin 3200 amma yake samun 2133, ya yi asarar sulusin abin da ya saya ke nan. Wasu sukan zargi ɗan kasuwa da cewa ya sayar musu da jabu, wasu kuwa ba su taɓa lura ba har na'urar ta tsufa a hannunsu.

A mafi yawan lokuta babu ha'inci a cikin lamarin. Da gangan aka tsara kwamfuta ta riƙa tayar da ram a kan sauri na ƙasa, sai mai ita ya ba ta izinin ƙarawa. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, da yadda ake kai ram ga saurinta, da kuma haɗarin da ya kamata mai karatu ya sani kafin ya taɓa komai.

Yadda Ram Take Aiki

A cikin kwamfuta akwai wuraren ajiya iri biyu. Akwai faifan ajiya na dindindin, wanda yake riƙe bayanai ko da an kashe wuta, akwai kuma ram, wadda take riƙe abin da ake aiki a kansa a wannan lokaci kaɗai. Idan faifan dindindin rumbu ne, to ram ita ce tabarmar da ake baza hatsin da za a surfa yau. Masarrafi, wato ɓangaren da yake yin lissafi, daga wannan tabarma yake ɗiba, kuma a kanta yake mayarwa.

Wani injiniya na kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, shi ya ƙirƙiro irin ram ɗin da ake amfani da ita a yau a shekarar 1966, aka kuma ba shi takardar mallakar fasahar a 1968. Dabararsa ita ce a ajiye kowane bit, wato sifiri ko ɗaya, a cikin ɗan ƙaramin kafasita guda, tare da taransista guda da zai zama ƙofarsa. A 1970 kamfanin Intel ya fitar da ƙwayar da ya kira 1103, mai ɗaukar bit 1,024. A yau sandar ram guda mai gigabait 8 tana ɗauke da bit sama da biliyan 68.

Shi kafasita kamar randa ce mai yoyo. Idan aka cika shi da caji aka bar shi, cajin zai tsiyaye, bayanin ya ɓace. Saboda haka dole a riƙa zagayawa ana sake cika kowace randa kafin ta ƙafe. A ram irin DDR4 ana kammala wannan zagaye a cikin kashi 64 cikin 1,000 na daƙiƙa, a DDR5 kuwa a cikin kashi 32. Zafi yana ƙara yoyon, don haka idan ƙwayar ta wuce digiri 85 a ma'aunin Salshiyas, sai an ninka yawan zagayen. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu na zafi, domin za mu komo kansa.

Ma'anar Lambar da Ke Jikin Kwali

Dukkan ayyukan ram suna tafiya ne bisa bugun wani agogo na lantarki. Tsohuwar ram ta shekarun 1990, irin su PC100 da PC133, tana miƙa bayani sau ɗaya a kowane bugu. Daga shekarar 2000 aka shigo da tsarin DDR, wanda yake miƙawa sau biyu, ɗaya lokacin da igiyar lantarkin take hawa, ɗaya lokacin da take sauka. Daga nan aka samu DDR2 a 2003, da DDR3 a 2007, da DDR4 a kasuwa a 2014, sannan DDR5 a 2021.

Ke nan lambar 3200 tana nufin miƙa bayani sau miliyan 3,200 a daƙiƙa ɗaya, alhali agogon kansa yana bugawa sau miliyan 1,600 ne. Wannan ya rikita mutane da yawa. Manhajar CPU-Z, wadda ake duba kayan cikin kwamfuta da ita, tana nuna bugun agogon ne, don haka wanda ya ga 1600 a cikinta, ram ɗinsa tana kan 3200 daidai, babu abin gyarawa. Wanda ya ga 1066 kuwa, tasa tana kan 2133.

A kowace miƙawa bait 8 ne suke wucewa. Idan aka ninka 3,200 da 8, za a ga ram ɗin tana iya kai gigabait 25.6 a daƙiƙa, yayin da mai 2133 take tsayawa a kan gigabait 17 da 'yan kai. Yawancin kwamfutocin tebur suna da hanyoyi biyu tsakanin masarrafi da ram, saboda haka sanduna biyu da aka sa a guraben da suka dace suna ninka wannan adadi.

Akwai kuma lamba ta biyu da ba a cika kula da ita ba, wadda ake rubutawa kamar CL16 ko CL22. Ita tana nuna jinkiri, wato yawan bugun agogo da ake jira tsakanin neman bayani da fitowarsa. Mu ɗauki misalin leburorin da suka yi layi suna miƙa kwanon kankare zuwa saman gini. Lokacin da kwano na farko zai ɗauka kafin ya isa hannun magini shi ne jinkiri, yawan kwanukan da suke biyo bayansa a minti ɗaya shi ne sauri. Ram mai 3200 da CL16 tana jiran bugu 16 na agogo mai miliyan 1,600, wato nanodaƙiƙa 10, ita kuwa nanodaƙiƙa kashi ɗaya ce cikin biliyan na daƙiƙa. Mai 3200 da CL22 tana jiran 13.75. Haka nan DDR5 mai 6000 da CL30 jinkirinta nanodaƙiƙa 10 ne, mai 4800 da CL40 kuwa ya haura 16.

Waɗannan lokuta ƙanana ne a wajen ɗan Adam, domin a nanodaƙiƙa guda haske kansa santimita 30 kacal yake tafiya. Amma a wajen masarrafi dogon jira ne. Idan aka haɗa duk tafiyar, daga masarrafi zuwa ram da dawowa, takan kai kimanin nanodaƙiƙa 70, kuma a wannan tsakani masarrafi mai bugu biliyan 4 a daƙiƙa ya yi bugu 280 yana zaman jira. Tun a 1995 wasu masana biyu na Jami'ar Bajiniya, William Wulf da Sally McKee, suka yi gargaɗin cewa saurin masarrafi yana tsere wa na ma'ajiya, har wata rana ma'ajiyar ce za ta zama katangar da za ta tare shi.

Dalilin Farawa da Sauri na Ƙasa

Akwai wata ƙungiya a Amurka mai suna JEDEC, wadda aka kafa a 1958, da take tsara ƙa'idojin da kamfanonin ƙera ram da na kwamfuta suke bi. Ita ta tsayar da cewa DDR4 za ta yi aiki da bolt 1.2, DDR5 kuma da bolt 1.1, ta kuma jera matakan sauri da jinkirin da ya dace da kowanne. Manufar ita ce kowace sanda ta tashi a kan kowace na'ura, ko daga wace ƙasa suka fito.

A jikin kowace sanda akwai wata 'yar ƙwaya dabam da ake kira SPD, wadda take kamar katin shaidar sandar. Da zarar an kunna kwamfuta, manhajar farko da take farkawa, wato BIOS, sai ta karanta wannan kati ta zaɓi saurin da ya dace da ƙa'idar JEDEC. Ba ta da hanyar sanin ko masarrafin da babban allon na'urar za su jure abin da ya wuce haka, don haka sai ta tsaya inda take da tabbaci.

To daga ina lambar da ke jikin kwali ta fito? Kamfanoni uku ne suke ƙera mafi yawan ƙwayoyin ram na duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Ƙwayoyin da suka fito daga masana'anta ɗaya ba sa zama daidai da juna, wasu sun fi wasu juriya. Kamfanonin da suke haɗa sanduna, irin su Corsair da G.Skill da Kingston, sukan tantance su, su ware waɗanda suke iya gudu fiye da ƙa'ida idan an ɗan ƙara musu wuta, misali daga bolt 1.2 zuwa 1.35. Sakamakon wannan gwaji ne ake bugawa a kwali. Ana kuma rubuta shi a cikin katin shaidar sandar a matsayin tsari na biyu, wanda BIOS ba ta ɗauka sai an umurce ta.

Intel ne ya fito da wannan tsari na biyu a 2007 da sunan XMP. A 2021 ya fitar da XMP 3.0 domin DDR5, wanda yake ɗaukar tsare-tsare har biyar, uku na kamfani, biyu kuma mai na'ura ne yake rubuta su da kansa. Kamfanin AMD ya kawo nasa a 2022 da sunan EXPO. A kan wasu allunan ASUS masu masarrafin AMD ana ganin sunan DOCP, a kan na MSI kuwa A-XMP. Sunaye ne dabam-dabam, amma aikin ɗaya ne.

Matakan da Ake Bi

Da farko a tabbatar da halin da ake ciki. A cikin Windows, manhajar Task Manager tana nuna saurin ram a sashen ma'ajiya. Idan lambar ta yi daidai da ta kwali, sai a bar na'ura yadda take.

Na biyu, a duba inda aka sa sandunan. A yawancin alluna masu gurbi huɗu, sanduna biyu suna shiga gurbi na biyu da na huɗu ne idan aka ƙirgo daga wajen masarrafi, waɗanda ake yi wa alamar A2 da B2. Idan aka jera su kusa da juna, suna iya hawa hanya guda, rabin faɗin hanyar ya tafi a banza. Littafin da ya zo da allon shi ne alƙali a nan. Kafin a taɓa sanda, a kashe na'ura, a zare wayar wuta, a kuma taɓa ƙarfen akwatin domin sauke cajin da ke jikin mutum, musamman a lokacin hunturu da iska take bushewa.

Na uku, a sake kunna na'ura, a riƙa danna maɓallin Del ko F2 har shafin BIOS ya buɗe. A nemi inda aka rubuta XMP ko EXPO, a zaɓi tsari na farko, a adana da maɓallin F10. Wannan zaɓi guda yana sauya sauri da jinkiri da ƙarfin wuta gaba ɗaya.

Na huɗu, a yi haƙuri. Bayan sauyin, na'urar takan yi shiru fuskarta baƙi ƙirin na ɗan lokaci, domin masarrafi yana gwada kowace waya tsakaninsa da ram yana daidaita lokacin isar saƙo. A DDR5 wannan yakan ɗauki mintoci. Wanda ya gaji ya kashe wuta a tsakiyar aikin ya mayar da hannun agogo baya. Idan kuwa na'urar ta ƙi tashi sam, yawancin alluna sukan koma saurin farko da kansu bayan 'yan gwaje-gwaje. In ba su koma ba, sai a zare wuta, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon, mai lamba CR2032, na 'yan mintoci, sannan a mayar. BIOS za ta manta da sauyin.

Abubuwan da Ke Hana Kaiwa

Alkawarin da ke jikin kwali na sandar ce kaɗai. Abin da yake sarrafa ram yana cikin masarrafi ne, tun daga 2003 a wajen AMD, da 2008 a wajen Intel, kuma shi ma yana da iyakarsa. Alal misali, masarrafan Ryzen 7000 na 2022 an ba su tabbacin 5200 ne da sanduna biyu, ko da yake da yawansu suna ɗaukar 6000 lafiya. Idan aka cika gurbi huɗu, tabbacin yana sauka zuwa 3600, domin kowace sanda ƙarin nauyi ce a kan wayoyin. Saboda haka wanda yake son gigabait 32 gara ya sayi sanduna biyu masu 16 da ya sayi huɗu masu 8.

Shi ma babban allo yana iya zama shinge. Allunan Intel masu lamba H410 da B460 na shekarar 2020 ba sa barin ram ta wuce 2666 ko 2933, gwargwadon masarrafin da ke kai, sai a 2021 aka buɗe wannan ƙofa a kan B560. Kamfanonin alluna suna wallafa jerin sandunan da suka gwada a kan kowane allo, kuma duba wannan jeri kafin saye yana rage wahala.

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da na ofis waɗanda manyan kamfanoni suke haɗawa ba su da zaɓin XMP ko kaɗan. Wanda ya saya musu sanda mai 3200 ta XMP zai iya samun kansa a kan 2133 ko 2400 ba tare da mafita ba. Abin da ya dace da irin waɗannan na'urori shi ne sandar da take kai 3200 bisa ƙa'idar JEDEC, a kan bolt 1.2, wadda galibi ake gane ta da alamar CL22.

Sai kuma haɗa sanduna mabambanta, abin da ya zama ruwan dare a wajen masu sayen kwamfutocin hannu suna ƙara musu ram. Idan aka haɗa mai 3200 da mai 2400, dukkansu za su tafi a kan 2400, kamar shanun huɗa biyu da dole su bi takun mai rauni. Ko da lambobinsu sun zo ɗaya, ƙwayoyin ciki suna iya bambanta, domin sandunan da aka sayar a kwali ɗaya su ne kaɗai aka gwada tare.

Haɗari da Gwaji

Wajibi ne mai karatu ya san cewa Intel da AMD suna lissafa XMP da EXPO a cikin tura na'ura fiye da ƙa'ida, kuma sharuɗɗan garantinsu ba su ɗauki nauyin ɓarnar da ta biyo bayan haka ba. Lalacewar kaya ba ta cika faruwa ba, amma ta taɓa faruwa. A watan Afrilu na 2023 an samu rahotannin ƙonewar wasu masarrafan Ryzen 7000X3D, bayan da wasu alluna suka riƙa tura wa wani sashe na masarrafin wutar da ta wuce kima. AMD ya magance matsalar ta hanyar sabuwar BIOS wadda ta ƙayyade wannan wuta a kan bolt 1.3. Darasin shi ne a sabunta BIOS kafin a kunna tsarin. Kada kuma a yi sabuntawar sai na'ura tana kan batirin ko-ta-kwana, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya kashe allon.

Haɗarin da ya fi wannan yawa shi ne kuskure marar hayaniya. Ram ɗin da ta kusa gazawa ba dole ba ne ta kashe na'ura, tana iya juya bit guda daga sifiri zuwa ɗaya, aiki ya ci gaba kamar babu abin da ya faru. Idan wannan bit yana cikin hoto, ba wanda zai lura. Idan kuwa yana cikin alƙaluman binciken ɗalibi, ko jadawalin sakamakon jarrabawa, ko lissafin albashi, to kuskuren zai shiga faifan dindindin ya zauna. Ko a kan saurin ƙa'ida ram tana kuskure. Wani bincike da Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto ta yi tare da masanan Google, wanda aka wallafa a 2009, ya gano cewa sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan da ke cikin na'urorin kamfanin suna samun kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara. Wannan ne ya sa manyan na'urorin bankuna da cibiyoyin bincike suke amfani da ram mai gyara kuskure, wadda ake kira ECC, suke kuma tsayawa a kan saurin JEDEC.

Don haka tashin na'ura bai isa shaida ba, sai an gwada. Manhajar MemTest86, wadda Chris Brady ya fara rubutawa a 1994, da 'yar'uwarta Memtest86+, ana ɗora su a kan filashi a tayar da kwamfuta da su. Suna rubuta alamu a kowane lungu na ram suna karantawa, suna ƙirga saɓani. A bar gwajin ya zagaya sau huɗu ko ya kwana. Kuskure ko guda ɗaya ne, faɗuwa ce. Idan an samu, sai a sauko mataki ɗaya, daga 3600 zuwa 3466 ko 3200, ko daga 6000 zuwa 5600, a sake gwadawa.

A nan ne batun zafi yake dawowa. Sandar da aka gwada a ɗaki mai sanyi, ko ta ci gwaji a watan Janairu, tana iya fara kuskure a watan Afrilu a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe fankokin akwatin. Ya kamata a yi gwajin akwati yana rufe, a lokacin da rana ta fi zafi, a kuma riƙa share ƙura a kai a kai.

Kammalawa

Amfanin wannan aiki ya danganta da abin da ake yi da na'urar. Mai buga takardu da karanta wasiƙu da wuya ya ji wani bambanci, shi ƙarin yawan ram ya fi masa amfani a kan ƙarin sauri. Waɗanda suke cin riba su ne masu sarrafa bidiyo, da masu manyan lissafe-lissafe, da masu wasannin kwamfuta, sai kuma duk wanda na'urarsa ba ta da katin hoto na dabam, domin a irin wannan na'ura hoton ma daga ram yake ɗiba.

Ga wanda aikinsa yake buƙatar saurin, hanyar a fili take: ya duba iyakar masarrafinsa da allonsa kafin saye, ya sayi sanduna biyu a kwali ɗaya, ya sa su a gurabensu, ya sabunta BIOS, ya kunna XMP ko EXPO, sannan ya gwada. Ga wanda yake riƙe da bayanan da kuskure a cikinsu zai cutar da wasu, tsayawa a kan saurin ƙa'ida zaɓi ne na hankali, domin Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Abin da ake so dai shi ne mai na'ura ya san a kan wane sauri ram ɗinsa take tafiya, kuma ya zama shi ya zaɓa mata shi da saninsa.